SAURIN KUKA: RAUNI NE KO MAGANI?

Jawabin da ma'aikacinmu na raya karkara ya gabatar wa fastoci, dattawan ikilisiya da shugabannin zumuntar mata da na matasa daga ƙauyukan Ƙanƙara, Faskari da Sabuwa

  Na san waɗansunku sun bar aikin gona, waɗansu kuma sun biyo hanyoyin da ba a bin su sai da addu'a. Ubangiji ya sāka muku.

Kun saba jin maganar taki da iri da rijiya da adashi daga bakinmu. Yau maganar da aka ba ni daban ce, a kan kuka ne. Dalili kuwa shi ne, duk ƙauyen da muka shiga, bayan an gama lissafin buhu da mudu, sai wani ya ja mu gefe. Maigida ya ce, “Malam, tun da aka sako uwargidana daga daji, abu kaɗan sai kuka, me zan yi mata?” Dattijo ya ce, “Ana cikin waƙa a sujada sai in ji hawaye na zubo mini, kunya ta hana ni zama a gaba.” Wata uwa kuma ta ce, “Ni tun da aka kashe ɗana ko ɗigo bai fito ba, ko zuciyata ce ta bushe?”

Saboda haka za mu duba abu uku. Me ya sa kuka ya yi yawa a cikinmu? Kuka yana kawo sauƙin zuciya ko ba ya kawowa? Me ya kamata ikilisiya ta yi?

1. ABIN DA YA SAME MU

Ba sai na ba ku labarin abin da kuka gani da idonku ba, amma yana da kyau mu ambaci waɗansu, don kada wani ya ɗauka hawayensa ba su da dalili. A watan Yuni na 2020 an kai hari Kadisau a ƙasar Faskari, aka kashe mutane da dama. A daren 11 ga Disamba na wannan shekarar aka kwashe yaran makarantar sakandaren kimiyya ta Ƙanƙara, sai ran 17 ga wata aka sako yara 344. A watan Satumba na 2021 aka datse layukan waya a ƙananan hukumominmu, muka yi watanni ba ka iya kiran ɗan'uwanka ka ji ko ya kwana lafiya. A watan Janairu na 2023 aka shiga majami'a a Ɗantsauni ta ƙasar Ƙanƙara ran Lahadi, aka tafi da masu sujada. A watan Fabrairu na 2024 aka tare mata 'yan rakiyar amarya a hanyar Damari ta ƙasar Sabuwa. A watan Agusta na 2025 aka buɗe wa maƙwabtanmu Musulmi wuta suna sallar asuba a Unguwar Mantau ta ƙasar Malumfashi.

Waɗannan su ne waɗanda rediyo ya faɗa. Waɗanda bai faɗa ba sun fi yawa: shanun noma da aka kora, masarar da aka sayar tun tana gona don a haɗa kuɗin fansa, kwanan da aka yi a cikin dawa da jarirai, gidajen da aka bari aka koma haya a Funtuwa da Malumfashi. A 2025 an yi zaman sulhu a waɗansu ƙananan hukumomi, har da Faskari. Amma ko da bindiga ta yi shiru, zuciyar da ta ga abin da ta gani ba ta yin shiru rana ɗaya.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da ƙiyasi a 2019 cewa a wuraren da ake fama da rikici, kusan mutum 1 cikin 5 yana da wata damuwa ta tunani da ta kai a kira ta ciwo. Ku auna wannan da ikilisiya mai mutum 100. Don haka wanda ya ga ya zama mai saurin kuka, kada ya ce shi kaɗai ne, kada kuma ya ce bangaskiyarsa ce ta ragu. Jiki ne da zuciya suke nuna nauyin da suka ɗauka.

2. ABIN DA AKA KOYA MANA

Mun taso an koya mana dauriya da kunya. Yaro ya faɗi, sai a ce masa namiji ba ya kuka. Mace tana naƙuda, in ta yi ƙara sai a ce ta yi raki. Mai saurin kuka muna ce masa mai arhar hawaye, ko mai raguwar zuciya. A wurin makoki gaisuwarmu ita ce, “Yaya muka ji da haƙuri?” Muna kuma cewa ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba.

Ba na raina wannan tarbiyya. Dauriyar da muka gāda ita ce ta sa har yanzu ana noma a Sabuwa, ana cin kasuwar Sheme, ana buɗe ƙofar majami'a ran Lahadi. Amma akwai bambanci tsakanin haƙuri da haɗiye baƙin ciki. Mai haƙuri ya san abin da ke damunsa, ya kai kukansa inda ya kamata, yana jiran Allah. Mai haɗiyewa kuwa ya rufe tukunya tana tafasa. Sau da yawa abin da namiji ya hana idonsa zubarwa yakan fito ta wata hanya: faɗa ba dalili, dukan mata da yara, burkutu tun da safe, ƙwaya a wurin matasa, rashin barci.

Hausawan da suka ce namiji ba ya kuka, su ne kuma suka ce kuka ma rahama ne. Ku lura kuma da harshenmu. In mutum ya je neman taimako wurin sarki ko hukuma, sai mu ce ya kai kuka. In aka biya masa bukata, sai mu ce an share masa hawaye. Ashe tun dā kakanninmu sun gane cewa kuka kira ne, yana neman mai amsawa.

3. ABIN DA MASU BINCIKE SUKA GANO

Hawaye iri uku ne. Akwai wanda kullum yake jiƙa ido don kada ya bushe. Akwai wanda hayaƙin murhu ko albasa ko ƙura suke jawowa, aikinsa wanke ido. Na uku shi ne na motsin zuciya, ko na baƙin ciki ko na murna. Akwai wata 'yar hanya daga kusurwar ido zuwa hanci, shi ya sa mai kuka yake jan majina.

A farkon shekarun 1980 wani masani a Amurka mai suna William Frey ya sa mutane su riƙa rubuta duk lokacin da suka yi kuka. Ya tarar mata suna yi kamar sau 5 a wata, maza kamar sau 1. Wato maza ma suna yi, ɓoyewa suke yi. Shi ne kuma ya kawo ra'ayin cewa hawaye suna fitar da dafin damuwa daga jiki. Maganar ta bazu ko'ina, amma binciken da ya biyo baya bai tabbatar da ita ba. Kada mu ɗauki kuka kamar maganin wankin ciki, wanda in an sha dole ya yi aiki.

Ɗaya daga cikin waɗanda suka daɗe suna nazarin wannan abu shi ne Farfesa Ad Vingerhoets na jami'ar Tilburg a ƙasar Holan. Zan faɗa muku abu uku daga aikinsa da abokan aikinsa.

Na ɗaya, a wani bincike da aka buga a 2011, mata 97 sun riƙa rubuta halin zuciyarsu kowace rana. An tara kuka 1,004. A cikinsu kusan kashi 1 cikin 3 ne kawai mai kukan ta ce ta ji sauƙi. Mafi yawa babu abin da ya sāke, a waɗansu kaɗan ma abin ƙaruwa ya yi.

Na biyu, a 2015 an nuna wa mutum 60 fim mai ban tausayi. Waɗanda suka yi kuka, da aka tambaye su nan take, zuciyarsu ta fi dā nauyi. Bayan minti 20 sun dawo yadda suke. Bayan minti 90 sun fi yadda suke kafin a fara. Wato in sauƙi zai zo, ba nan take yake zuwa ba, sai an ba shi lokaci.

Na uku, shi ne ya fi shafarmu. A 2008 an buga sakamakon tambayar da aka yi wa mutane fiye da 5,000 a ƙasashe 35 game da kukansu na ƙarshe. Waɗanda suka fi samun sauƙi su ne waɗanda wani ya tsaya tare da su ya ta'azantar da su, da waɗanda aka warware abin da ya sa su kuka, da waɗanda kukan ya sa suka fahimci halin da suke ciki. Waɗanda suka ji kunya, ko suka yi ta ƙoƙarin dannewa, ko aka nuna musu rashin kulawa, ba su cika samun sauƙi ba.

To, ga amsar tambayarmu. Kuka ba rauni ba ne, amma kuma shi kaɗai ba magani ba ne. Abin da ke sa ya zama sauƙi ko ya zama ƙarin ciwo shi ne wanda ke kusa da mai kukan, da abin da aka yi bayan kukan. Ku tuna da iyayen yaran Ƙanƙara. Sun yi kuka a ƙofar makaranta da aka tafi da 'ya'yansu, sun kuma yi kuka a Katsina da suka rungume su. Ido ɗaya ne, hawaye ɗaya ne. Na farko bai sauke musu kome ba, na biyu ya sauke, gama an share musu hawaye.

4. ABIN DA LITTAFI MAI TSARKI YA NUNA MANA

In kun koma gida ku karanta 1 Sama'ila sura 1. Hannatu mace ce mai yawan kuka saboda rashin haihuwa da gorin kishiya, har ta daina cin abinci. Mijinta Elkana yana ƙaunarta, amma abin da ya yi shi ne tambayarta dalilin kukan, da tuna mata cewa shi ma ai ya ishe ta. Maganarsa ba ta tsayar da hawayen ba. A Shilo kuma Eli firist ya ga leɓunanta suna motsi, ya zaci ta bugu ne. Sai da ya tsaya ya ji bayaninta, ya sa mata albarka, sa'an nan ta tafi ta ci abinci, fuskarta ta sāke. Ku lura, a lokacin ba ta sami cikin Sama'ila ba tukuna. Abin da ta samu shi ne ta zuba zuciyarta a gaban Allah, wani kuma ya saurare ta.

Ga iyayena maza kuma, ku karanta sura 30 ta wannan littafin. Dawuda da mayaƙansa sun dawo Ziklag suka tarar Amalekawa sun ƙone garin, sun kwashe mata da yara. Wa zai karanta wannan a ƙasarmu yau bai ji a jikinsa ba? Waɗannan jarumawa ne, amma sun yi kuka har ƙarfinsu ya ƙare, Littafi kuwa bai kira su ragwaye ba. Sai dai ku dubi abin da ya biyo baya. Baƙin cikin waɗansunsu ya juya ya zama neman wanda za a ɗora wa laifi, har suka yi shawarar su jajjefi Dawuda. Shi kuwa ya ƙarfafa kansa ga Ubangiji, ya kira firist, ya nemi shawarar Allah kafin ya ɗaga ƙafa. Mu yi hankali, kada hawayenmu su zama ƙiyayya ga maƙwabci, ko ga wata kabila ɗungum, ko ga matar da ke cikin ɗakinmu.

Abokan Ayuba sun zauna tare da shi kwana 7 ba wanda ya ce uffan. Wannan shi ne mafi kyaun abin da suka yi masa. Da suka buɗe baki suna neman zunubin da ya jawo masa masifa, sai suka ƙara masa ciwo. Ubangijinmu Yesu kuwa, a Yohanna sura 11, ya san zai ta da Li'azaru, duk da haka da ya ga Maryamu da masu makoki suna hawaye, bai tsawata musu ba, shi ma ya zubar da nasa. In Mai Ceto bai ji kunyar hawaye ba, wane dattijo ne zai ji?

5. KUKAN DA KE BUKATAR ASIBITI

Yawancin masu makoki suna samun sauƙi a hankali in suna da mutane. Amma akwai alamun da in mun gani, sai mu haɗa addu'a da asibiti, kamar yadda muke yi wa zazzaɓin cizon sauro.

a) In mutum ya kai mako 2 ko fiye kusan kullum cikin baƙin ciki, ba ya jin daɗin kome, ya bar abinci, ya bar gona, ya bar wanka, kukan kuma ba ya rage masa kome.

b) In wata guda ya wuce bayan hari amma har yanzu abin yana dawo masa kamar yanzu ake yi, yana mugun mafarki, ƙarar babur tana sa shi rawar jiki ko gudu.

c) In maijego ta wuce mako 2 da haihuwa tana ta kuka, ba ta son ɗaukar jaririn, ko tana cewa ita ba uwar kirki ba ce.

d) In wanda ya yi ciwon shanyewar ɓarin jiki ya riƙa fashewa da kuka ko dariya ba tare da ya so ba. Wannan daga ƙwaƙwalwa ne, ba aljanu ba ne.

e) In mutum ya fara cewa gara ya mutu ya huta. Wannan ba a jira. Kada a bar shi shi kaɗai, a kawar da maganin feshi da na ɓera da igiya daga inda yake, a kai shi asibiti a ranar.

A fara daga asibiti mafi kusa, kamar babban asibitin Ƙanƙara, ko na Funtuwa, ko na Malumfashi. In abin ya fi ƙarfinsu za su tura mutum gaba, ko asibitin koyarwa na tarayya a Katsina, ko na Shika a Zariya, ko asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya da ke Barnawa a Kaduna. Zuwa can ba ya nufin mutum ya haukace. A watan Janairu na 2023 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa, wadda ta maye gurbin tsohuwar ta 1958, ta kuma ba irin waɗannan marasa lafiya 'yancin a kula da su cikin mutunci. Kada a ɗaure kowa da mari, kada a doke shi da sunan fitar da aljani.

Wanda kuma hawaye suka ƙi zuwa masa, kada a tilasta masa, kada a ce bai damu da mamacin ba. Akwai kukan ido, akwai kukan zuci. Yara ma sau da yawa ba da hawaye suke nuna tsoronsu ba, sai ka ga wanda ya daina fitsarin kwance ya koma yi, ko ya manne wa uwarsa, ko ya daina wasa. Kada a yi masa bulala, a jawo shi jiki.

6. AIKIN IKILISIYA

A 2011 Hukumar Lafiya ta Duniya da abokan aikinta sun fitar da jagora don taimakon farko ga wanda masifa ta girgiza. Sun taƙaita shi cikin kalma uku: duba, saurara, haɗa. Ba ya bukatar digiri. Ga yadda za mu yi shi a ƙauyukanmu.

Duba. Kowane shugaban zumunta ya san wanda ya daina zuwa sujada, da wadda take zama a baya ta fita kafin a tashi. Labarin zuciya a tambayi fuska. Kada mu jira su zo, mu je.

Saurara. Mace ta je wa mace, namiji ya je wa namiji, mutum ɗaya ko biyu, ba taro ba. Ka zauna, ka ba shi ruwa, ka bar shi ya yi kukansa har ya kai ga ajiyar zuciya. Kada ka yi saurin cewa, “Ya isa haka,” ko “Ina bangaskiyarka?” ko “Wane ma ya fi ka hasara.” Kalmar haƙuri tana da kyau, amma a bar ta ta zo a ƙarshe, kada ta zama murfin da za a rufe masa baki. Kada kuma ka tashi da zarar hawaye sun tsaya, gama mun ji cewa sauƙi yakan ɗauki lokaci. Abin da ka ji a ɗakin, ya tsaya a ɗakin. Nan ne karin maganar ciki da tuwo take da amfani.

Haɗa. Ka tambaya, “Me kike bukata yau?” Wani kukan na yunwa ne, wani na bashin kuɗin fansa, wani na kuɗin makarantar marayu. Irin wannan ba ya tsayawa da magana. A yi wa gwauruwa gayya a gonarta. A sa ta cikin adashi. A ware mudu daga baikon kaka don gidajen da aka kora. A raka mai bukatar asibiti, ikilisiya ta taimaka da kuɗin mota.

Ina roƙon iyayena fastoci abu biyu. Na farko, wanda aka sako daga daji kada a tsayar da shi gaban jama'a ya ba da shaida tun bai shirya ba. A yi godiya ga Allah a taƙaice, labarin kuwa nasa ne, shi zai zaɓi ranar faɗa da wanda zai faɗa wa. 'Yan'uwanmu mata musamman, kada a yi musu tambayoyin tonon asiri, kada a bari a yi musu gori ko miji ya juya musu baya. A kai su asibiti da wuri, gama akwai maganin kariya daga cuta mai karya garkuwar jiki da ba ya aiki sai an fara shi cikin awa 72. Na biyu, ku da kuke binne mutane kuna ta'azantar da kowa, ku ma ku nemi wanda za ku yi kuka a gabansa. Fasto ma mutum ne.

Kada kuma mu tsaya a ƙofar majami'a. In an yi rashi a gidan maƙwabcinmu Musulmi, mu je gaisuwa, mu zauna a tabarmarsa kamar yadda shi ma yake zuwa tamu. Waɗanda suka kore mu daga gonaki ba su tambayi kowa addininsa kafin su kora shanunsa ba.

Kafin mu tashi, ina so kowane ɗayanmu ya kawo sunan mutum ɗaya a zuciyarsa, wanda ya san yana kuka a ɓoye, ko wanda ya kasa yin kukan. Kafin Lahadi mai zuwa ka je gidansa. Ba sai ka shirya wa'azi ba. Ka yi sallama, ka zauna, ka saurara, in ya yarda ku yi addu'a tare, sa'an nan ka sa ranar da za ka komo, ka kuwa cika alkawari. In muka sāke haɗuwa, shugabannin zumunta za su gaya mana gida nawa aka shiga, da irin bukatun da aka tarar, ba tare da ambaton sunan kowa ba, don mu san inda za mu sa hannu.

Allah na dukan ta'aziyya ya ta'azantar da ku, ya komo da waɗanda har yanzu suke hannun mutanen daji, ya ba ƙasarmu salama.  Ubangiji ya kai kowa gidansa lafiya. Amin.